ZAUREN IYALI: Idan yaro ya kawo lissafi gida, wa zai zauna da shi?

  

Koken da ya fi yawan zuwa mana daga gidajen jama'armu na Okala da Angondjé da Avorbam a wannan zango shi ne na aikin gida, kuma a cikin aikin gidan ma lissafi ne ya fi tayar da ƙura. Uba ya dawo daga Mont-Bouët bayan ya sha cunkoson motoci a hanyar filin jirgi, uwa tana kan tukunya, ga yaro da kaye a buɗe yana jiran wanda zai duba masa. Uban ya ce shi bai yi lakwal ba, uwar ta ce Faransancinta na ciniki ne kawai. Daga nan sai yaron ya rufe kayen, ko ya kwafe na abokinsa da safe a bakin aji. Gida ya yi shiru, kowa ya ɗauka an rabu da matsala, har ranar da takardar sakamako za ta iso.

Ya kamata mu fara sanin abin da ke kan sikeli. Makarantar ƙasar nan tana auna yaro da maki 20, kuma kowane darasi da nauyinsa, wanda suke kira coefficient. Mu ƙaddara lissafi yana da nauyi 4, yaro kuma ya sami 6. Ya gaza 10 da maki 4, a ninka da nauyin, giɓin ya zama 16. Darasi mai nauyi 1 da ya ci 14 a cikinsa ba zai mayar masa da komai ba sai maki 4, wato sai ya haɗa irinsa huɗu kafin ya cike ramin da lissafi shi kaɗai ya haƙa masa. Kowa ya ɗauko takardar ɗansa ya duba nauyin da aka rubuta a gaban lissafi, zai ga yana cikin mafiya girma. Da wannan ake maimaita aji, abin da ya yi yawa a ƙasar nan. Da shi ne kuma, bayan BEPC, ake raba hanya tsakanin masu zuwa kimiyya da masu zuwa adabi. Wanda ba a tura shi kimiyya ba, da wuya ya riƙe Bak C ko D, kuma ba tare da su ba ƙofar jami'ar kimiyya da fasaha ta Masuku a Franceville, da ta ilmin lafiya da ke Owendo, sai dai ya hango su daga nesa. Muna ta cewa muna son likitoci mata daga cikinmu don matanmu su sami mai duba su. To, likitar nan yau tana aji huɗu, kuma raba 756 gida 7 ne ya tsaya mata a wuya.

Binciken PASEC na 2019, wanda ya auna 'yan ƙarshen firamare a ƙasashe 14 na Afirka, ya sa Gabon a kan gaba wajen karatu: fiye da tara cikin goma na yara sun kai matakin da ake bukata. A lissafi kuwa kimanin biyu cikin uku ne suka kai. Ke nan matsalar ta wuce gidajen Hausawa. Sai dai mu muna da wani ƙarin kaya a kanmu wanda maƙwabtanmu da yawa ba su da shi, shi ne harshe.

Yawancin abin da muke kira rashin iya lissafi a wurin ƙananan yaranmu, idan aka tone, rashin jin tambaya ne. Ɗauki ƙidaya kanta. Bahaushe ya ce casa'in da bakwai, an gama. Bafaranshe kuwa sai ya ce quatre-vingt-dix-sept, wato ashirin sau huɗu, da goma, da bakwai. Yaro ɗan shekara bakwai ya ji haka a shifta, ya rubuta 4 da 20 da 17 a jere, ko ya rubuta 8017, a soke masa da jan biki, alhali kuwa ya rubuta daidai abin da kunnensa ya ji. ('Yan Beljiyam da na Kwango Kinshasa sun huta da rabin wannan wahala, domin su septante da nonante suke cewa.) Uwar da ta zauna da ɗanta mako guda tana kiran adadi daga 70 zuwa 99 da Hausa, shi yana mayar mata da Faransanci yana rubutawa, ta yi masa aikin da malami mai yara masu yawa a aji ba zai sami sukunin yi ba.

Sannan ga tambayoyin da ake sakawa cikin labari. A ce: wa yana da goro 12, ya fi ƙanensa da 5, nawa ne na ƙanen? Yaro ya ga kalmar plus a cikin jimlar, ya tuna an ce masa plus tarawa ce, sai ya rubuta 17. Amma ka faɗa masa labarin da Hausa, ka tambaye shi wa ya fi yawa tsakanin wan da ƙanen, nan take zai ce bakwai, har ya yi mamakin yadda abin ya ruɗe shi. Saboda haka taimako na farko, wanda ko kakar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba za ta iya bayarwa, shi ne a ce wa yaro: “Karanta mini, sannan ka faɗa mini da Hausa abin da ake nema.” In ya iya faɗa, rabin aikin ya ƙare. In ya kasa, an gano inda ciwon yake, kuma an san ba a lissafin yake ba.

Mu dawo kan iyayen da ke cewa ba su san lissafi ba. Wannan magana ba mu karɓe ta ba. Hajiyar da aka gaya wa farashi da Faransanci, trois cent cinquante, ta juyo ta ce wa 'yarta “dala saba'in ne”, ta raba 350 gida 5 a cikin ƙiftawar ido. Duk wanda ya tashi da ƙidayar dala, daga Maraɗi yake ko Damagaram ko Garwa, yana ninkawa da biyar yana rabawa da biyar tun safe har dare. Alhajin da ya sayi katan na sabulu, ya fitar da kuɗin mota da na ɗan dako, ya san a nawa zai sayar da ɗaya don ya ga riba, yana yin abin da littafin ɗansa ke kira prix de revient da bénéfice. Mai fitar da zakka, ɗaya cikin arba'in, jaka 25 a cikin miliyan guda, shi ne 2,5 % ɗin da ke cikin darasin pourcentage. Ilmin yana nan cikin gida. Abin da ya rage shi ne a gane cewa abu ɗaya ne yake da suna biyu, yaro ya kawo sunan makaranta, uba ya kawo na kasuwa.

Ga waɗanda suka zauna gaban malamai kuwa, hujjar ta fi ƙarfi. Duk wanda ya kai babin rabon gado a Risala ta Ibn Abi Zaid ya yi fractions tun kafin ya ji sunansu. Rabo shida ne aka ƙayyade a Suratun Nisa'i: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, da sudusi. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da uba da ɗa namiji guda. Mata tana da sumuni, uwa sudusi, uba sudusi, saura na ɗan. Malami zai ce asalin mas'ala 24 ne, don shi ne adadi mafi ƙanƙanta da 8 da 6 duk suke shiga cikinsa ba saura. Mata ta ɗauki 3, uwa 4, uba 4, an fitar da 11, ɗa ya tashi da 13. In dukiyar sefa miliyan 2 da dubu 400 ce, kowane kaso dubu 100 ne. Wannan neman asalin mas'ala shi ne abin da malamin kwaleji yake kira dénominateur commun, kuma shi ne dutsen da yara masu yawa suke tuntuɓe da shi. Abin takaici ne a ce akwai dattijo a cikin gida wanda ya iya raba gadon gari guda, jikansa kuma yana kuka a kan 1/8 + 1/6, babu wanda ya haɗa su.

Kada kuma wani ya shigo mana da zancen cewa wannan ilmin Nasara ne. Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi ya rubuta littafinsa na al-jabr da al-muƙabala a Bagadaza wajen shekara ta 820, zamanin Halifa Ma'amun, kuma kashi mai yawa na littafin a kan wasiyya da gado yake. Daga sunan littafin aka sami algèbre, daga sunan marubucin aka sami algorithme, kalmar chiffre kuma daga sifr take, sifirin nan namu. Mu ma muna da namu na gida: Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina, wanda ya tafi aikin hajji, ya yi rubutu wajen 1732 a kan yadda ake jera adadi cikin murabba'i har kowane layi ya ba da jimla ɗaya, ya rasu a Alƙahira a 1741. Abin da wasu suke yi da irin waɗannan hatimai, mun bar wa malamai hukuncinsa. Lissafin da ke ciki dai tsabtatacce ne, masana tarihin lissafi kuma suna ambaton sunansa har yau.

Akwai wata rigima ta musamman a gidajen da uba ya yi boko a Najeriya. Shi ya iya lissafi, amma da tsarin Ingilishi ya koya. A wurinsa adadin da ake rabawa da shi yana hagu, amsa tana hawa sama. A kayen ɗansa kuwa mai rabawa yana dama, amsa tana sauka ƙarƙashinsa. Uba ya duba ya ce an koya wa yaro shirme, ya goge, ya rubuta nasa. Gobe malami ya duba ya ce wa ya koya maka wannan. Yaro ya rasa na kamawa, ya tsani rabawa gaba ɗaya. Haka batun waƙafi: a Kano 1,250 dubu ɗaya ne da ɗari biyu da hamsin, a Libreville kuwa ɗaya ne da rubu'i, domin Faransanci da waƙafi yake raba cikakken adadi da gutsurensa, inda Ingilishi yake sa ɗigo. Hanyoyin biyu duk daidai ne, amsa ɗaya suke bayarwa. Amma yaron a nan zai zauna jarrabawar CEP, mai gyara takardarsa kuma tsarin nan ya sani. Shawararmu ita ce uba ya yi haƙuri ya ce wa ɗan: “Nuna mini yadda malaminku yake yi”, ya bi shi a kan haka, ya ajiye tasa hanyar don tabbatar da amsa a gefe. Malaman Islamiyya su ma su lura, yaron da ke ganin adadin Larabci ranar Asabar yana iya ruɗewa, domin biyar ɗin Larabci ta yi kama da sifirin boko, shida kuma ta yi kama da bakwai. Minti biyar na bayani ya isa ya kawar da wannan.

Ba da taimako yana da ladabinsa, kuma mun gaje shi daga makarantar allo ko da ba mu lura ba. Malamin allo ba ya karɓe allon almajiri ya karanta masa darasin ya sallame shi. Almajiri ne ke karantawa, malam yana saurare, in an yi kuskure ya tsayar, ya sa a koma baya kaɗan, har bakin yaron ya faɗa daidai da kansa. Yayyen da ke lise, ku ne wannan magana ta fi shafa. Ƙanenka ya kawo maka tambaya, kai kuma kana sauri, sai ka karɓe bikin ka rubuta amsar cikin minti ɗaya. Ka sallami kanka, shi kuwa ka bar shi inda ka same shi, har ka ƙara masa da imanin cewa lissafi na masu kai irin naka ne. Bikin ya zauna a hannunsa. Tambaye shi me aka bayar, me ake nema. In adadin ya yi masa girma, rage shi: maimakon 756 gida 7, a fara da 21 gida 7, da ƙwayar wake ko murafun kwalba a kan tabarma. In ya yi kuskure, kada ka ce “ba haka ba ne” ka tsaya nan. Ce masa ya gwada amsarsa ya gani: in 18 ya samu, ya ninka 18 da 7, ya ga ko ta mayar da shi 756. Zai ga 126, ya gane da kansa cewa akwai sifirin da ya tsallake, amsar 108 ce. Yaron da ya kama kuskurensa da hannunsa ba ya saurin maimaita shi.

Tsawa da bulala kuwa ba su taɓa sa lissafi ya shiga kai ba. Yaron da ke jin tsoro yana kallon fuskar mai tambaya ne yana laluben amsar da za ta tsirar da shi, hankalinsa ba ya kan adadi. Kuma mu kiyayi harshenmu. Kalmar “daƙiƙi” da uba ya jefa cikin fushi tana iya bin yaro har girmansa.

Hadda tana da wurinta, ba ma raina ta. Jadawalin ninkawa, daga gidan biyu zuwa na tara, haddace shi ake yi kamar yadda ake haddace sura, a yi ta tilawarsa har ya zauna, kuma yaranmu sun fi kowa sabawa da wannan horo. Yaron da bai riƙe 7 sau 8 ba zai sha wuya a kowane babi da ke gaba. Amma warware matsala ba ya haddatuwa. Wanda ya haddace amsar misalin da aka yi a aji, ranar jarrabawa a canja masa adadi ɗaya, sai ya tsaya cik.

Mai neman taimako shi ma da nasa ladabin. 'Ya'yanmu, kada ɗayanku ya zo da farar takarda ya ce “ban gane komai ba”. Gwada tukuna, ko da kuskure ne, ka zo da abin da ka yi, ka nuna layin da ka maƙale. Kada kuma ka bari sai daren da za a kai aikin. Tambaya ba abin kunya ba ce, Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Kwafar aikin wani ka miƙa a matsayin naka kuwa ha'inci ne, ko malami bai gane ba.

Nan ne batun waya ya shigo. Yau yaro yana ɗaukar hoton tambaya da Photomath, ko ya rubuta wa ChatGPT, wanda ya fito a ƙarshen 2022, amsa ta zo masa da matakanta. Ba mu ce haramun ne ba, kuma hana shi gaba ɗaya ba zai yiwu ba. Ga ɗan lise da ya riga ya yi ƙoƙarinsa, yana son ya ga inda ya karkace, abin yana da amfani, ko da yake irin su ChatGPT suna yin kuskure su faɗe shi da cikakken ƙarfin hali. Amma ranar jarrabawa babu waya a aji. Alamar da iyaye za su riƙe mai sauƙi ce: in makin aikin gida 17 ne, na gwajin aji kuma 5, to ba yaron ne ke yin aikin gidan ba. A rufe wayar, a canja adadi ɗaya a cikin tambayar, a ce ya sake yi a gabanka. Wannan gwaji bai bukaci ka iya Faransanci ba.

Haka za a auna malamin bita, répétiteur, ga mai halin ɗauka. A cikinsu akwai na kirki ƙwarai, akwai kuma wanda aikinsa shi ne ya cika wa yaro kaye don iyaye su ga jan maki mai kyau su ci gaba da biya. Ya koyar a falo ko a tsakar gida inda ake gani, musamman in ɗalibar mace ce. Ka leƙa ka ga a hannun wa bikin yake. Bayan wata biyu ka dubi makin gwajin aji, shi ne shaidarsa.

Saura lokaci. Allah Ya zaunar da mu dab da tsakiyar duniya, inda faɗuwar rana ba ta yin nisa da ƙarfe 6 da rabi duk shekara, saboda haka tsakanin Magariba da Isha'i lokaci ne da za a iya kafa shi a gida ba ya gurguɗawa. A kashe talabijin, a tanadi fitila mai caji saboda ɗaukewar wuta. Muna roƙon iyayenmu mata da babbar murya: wannan sa'ar ta 'ya mace ce kamar yadda take ta ɗa namiji. Sau da yawa shi yana zaune da littafi, ita tana kan wanke-wanke da goyon ƙane, sannan a ƙarshen shekara a ce ai mata ba su da kan lissafi. A raba aikin, ko a jinkirta shi zuwa bayan Isha'i.

Ga gidajen da babu yaya babu mai dubawa, da marayun da ke cikinmu, nauyin yana kan jama'a. Muna da ɗalibai 'yan Terminale da 'yan jami'a da ke sallah tare da mu. Muna ba shugabannin ƙungiya shawara a ware sa'a ɗaya bayan La'asar ranar Asabar a harabar masallaci, maza gefe, mata gefe, a sami allo da alli, kowane babba ya riƙe yara huɗu ko biyar. Mai son ba da lokacinsa ya sanar da liman ko sakataren ƙungiya.

Ga aikin gida na wannan fitowa, na dukan iyali. Na ƙanana: ku zana murabba'i mai gida tara, uku a tsaye uku a kwance, ku jera 1 zuwa 9 a ciki ba tare da maimaita ko ɗaya ba, yadda kowane layi, a tsaye da a kwance da a karkace, zai ba da 15. Na manya: mace ta rasu ta bar miji da uwa da ɗa namiji guda, dukiyarta bayan an biya bashi sefa dubu 600 ce. Mene ne asalin mas'ala, kuma nawa kowa zai samu? Kaka ta faɗi rabon kowa, jika ya rubuta da adadi. Amsa tana tafe a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.